Lambun Makaranta da Yaron Unguwa: Tarihin Koyar da Sanin Muhalli a Wajen Aji a Biranen Nijar

1. Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa ta makarantar firamare a ƙasar nan yana tune da ranar da aka fitar da su daga aji aka miƙa musu bokiti ko hauya. Wasu sun yi ban ruwa a lambun makaranta, wasu sun yi sharar fili, wasu kuma sun yi layi cikin rana suna jiran wani babba ya zo dashen itace. A takardun ma'aikatar ilimi wannan fita tana da sunaye masu daraja, waɗanda suka riƙa sauyawa daga zamani zuwa zamani: aikin gona, nazarin wurin zama, ayyukan hannu da na samar da amfani, sa'an nan ilimin muhalli. A bakin yara da iyayensu kuwa, sau da yawa sunanta ɗaya ne, wato wahala.

A cikin wannan ƙasida za mu bi tarihin fitar da ƴan makaranta waje tun daga shekara ta 1930 har zuwa ta 2024, domin mu amsa tambaya guda. Me ya sa ilimin muhalli na wajen aji bai kama ƙasa ba a makarantun unguwannin talakawa na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, alhali yaran waɗannan unguwanni su ne suka fi kowa kwana da tashi cikin matsalar ruwa, shara, zafi da ambaliya? Amsar da za mu kare ita ce, makarantarmu ta gaji abubuwa uku waɗanda ba ta taɓa zama ta tantance su ba. Na farko, ta ɗauka cewa muhalli yana can karkara, cikin gona da daji. Na biyu, ta ɗauki fita waje a matsayin aikin ƙarfi, ta raba ta da darasi. Na uku, ta ɗora aikin a kan kalandar da ba ta dace da damina ba.

2. Gonar makaranta ta zamanin Turawa (1930–1946)

Jules Brévié ya mulki Nijar a matsayin gwamna daga 1922 zuwa 1929, sa'an nan a 1930 ya zama babban gwamnan Afirka ta Yamma ta Faransa a Dakar. Shi da babban sufeton ilimi na lokacin, Albert Charton, su ne suka shimfiɗa tsarin da aka kira « école rurale », wato makarantar karkara. Tsarin ya zo cikin mawuyacin hali. Karayar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta kayar da farashin gyaɗa, kuma a 1931 yunwa mai tsanani ta afka wa yammacin Nijar bayan fara ta cinye amfanin gona. Hukumar mulkin mallaka ba ta son kashe kuɗi, ba ta kuma son ta yaye akawuna fiye da waɗanda ofisoshinta za su iya ɗauka. Domin haka aka ce kowace makarantar ƙauye ta mallaki gona da lambu, wani lokaci har da garke, yara su raba yininsu tsakanin allo da hauya, abin da aka girbe kuma ya shiga asusun makaranta.

A rubuce, manufar tana da kyau: a haɗa makaranta da rayuwar gari, a koya wa yaro zaɓen iri, takin gargajiya da garmar shanu. A aikace kuwa, sai a tuna cewa da tilas ake ɗaukar yara zuwa makaranta, ta hannun sarakuna da masu gari, a zamanin da ake kwasar iyayensu zuwa aikin tilas na hanyoyi da gine-ginen gwamnati. Uban da aka karɓe masa ɗa, in ya je ya tarar da shi sunkuye a gonar makaranta, abin da zai ce a fili yake: in dai noma ne, ai akwai gona a gida. Bugu da ƙari, darakta ya san abin da za a fi dubawa ranar da sufeto ya zo shi ne rumbu da asusu, saboda haka gona ta riƙa cin lokacin karatu. Abdu Mumuni, wanda Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya soki wannan irin tsari a littafinsa L'Éducation en Afrique na 1964, a matsayin hanyar taƙaita wa ɗan Afirka ilimi.

Bayan taron Barazabil na 1944 da dokar 11 ga Afrilu 1946 wadda ta soke aikin tilas, ƴan bokon Afirka sun nemi a ba ƴaƴansu manhaja iri ɗaya da ta Faransa, kuma makarantar karkara ta bi aikin tilas zuwa kabari. Amma ta bar tabo. Tun daga lokacin, hauya a hannun ɗan makaranta ta zama alamar ilimin da ake ba wanda aka raina. A wannan zamani ne kuma dokar gandun daji ta 4 ga Yuli 1935 ta sanya wasu dazuzzuka da wasu irin itatuwa ƙarƙashin tsaron gwamnati, tare da tara ga wanda ya sare su. Talaka ya koyi cewa itace na hukuma ne, kuma kusantarsa jawo wa kai magana ne.

Akwai wata fita ta daban da ya kamata mu ambata. Daga 1933, ɗaliban makarantar horar da malamai ta William Ponty a Senegal sun riƙa komawa garuruwansu lokacin hutu da aikin bincike: su duba abinci, kasuwa, sana'o'i da al'adun mutanensu, su rubuta, su zana. Wannan fita ce ta gani da tambaya da rubutu. Sai dai an keɓe ta ga zaɓaɓɓun ɗalibai ƙalilan, aka bar wa sauran hauya.

3. Daga ƴancin kai zuwa babban fari (1960–1974)

Lokacin da Nijar ta sami ƴancin kai a 1960, yaran da ke zuwa makarantar boko ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba, kuma mutanen Yamai ba su wuce wajen 30,000 ba. Shugabannin farko, irin su Jori Hamani da Bubu Hama, malaman makaranta ne da suka fito daga William Ponty. Babbar damuwarsu ita ce yawaita azuzuwa da samar da ma'aikata. Duk da haka, a wannan zamani ne aka yi abubuwa biyu da suka nuna wata hanya.

Na farko shi ne gidan tarihi na ƙasa da aka buɗe a Yamai a 1959, da ƙoƙarin Bubu Hama da Pablo Toucet. An shimfiɗa shi a fili mai faɗi tsakanin tsakiyar gari da bakin kogi, da namun daji, da samfurin gidajen al'ummomin ƙasa, da maƙera, masaƙa da dukawa suna aiki a gaban jama'a. Daga baya aka ƙara masa cibiyar koyar da sana'a domin yaran da makaranta ta zubar. A 1973 aka kawo masa gangar jikin itacen Tenere, bayan mota ta kayar da shi. A ganinmu wannan wuri shi ne aji na farko na wajen bango da yaron birni ya samu a ƙasar nan, inda zai ga zaki da dorina da idonsa, kuma gani ya kori ji. Aibinsa ɗaya: guda ne tak, kuma a Yamai yake.

Na biyu shi ne makarantar gwaji da aka buɗe a Damagaram a 1973, inda aka fara karatu da Hausa, sa'an nan aka kafa cibiyar INDRAP a 1974 domin shirya littattafai da horar da malamai. Dangantakar wannan da batunmu ta kusa ce. Yaron da ke shiga aji yana da shekara bakwai ya riga ya san gawo, aduwa, magarya, kurna, kalgo, sabara, tsamiya da goriba, ya san wadda ake ci, wadda ake ba dabba da wadda ake jiƙa wa mai ciwon ciki. In darasi da Faransanci ne kaɗai, duk wannan sani yana tsayawa a bakin ƙofa, a koya masa kalma ɗaya ta itace daga hoton littafi. Makarantun gwaji sun buɗe wa wannan sani ƙofa, amma sun daɗe ba su wuce ƴan gomomi ba a faɗin ƙasa.

A 1965 kuma aka fara dashen zoben itatuwa da ya kewaye Yamai ta arewa da gabas, galibinsa dogon yaro. An yi shi domin kare gari daga iska da ƙura. Aikin ma'aikatan gandun daji ne, kuma ba a ɗauke shi a matsayin wurin karatu ba, ko da yake unguwannin da suka fi talauci daga baya a bakinsa suka tsiro.

4. Zamanin dashen itace (1975–1989)

Farin da ya fara a ƙarshen shekarun 1960 ya kai ƙarshen tsananinsa a 1973 da 1974, ya sauya yadda magabata ke kallon itace. Ranar 12 ga Satumba 1973 ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar CILSS a Wagadugu. Ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji suka hamɓarar da gwamnati, Seyni Kunce ya hau mulki. Daga 1975, ranar 3 ga Agusta, wato ranar da aka sami ƴancin kai, ta zama ranar dashen itace ta ƙasa. Aka farfaɗo da samariya, aka kuma riƙa tura ɗalibai dashe lokacin hutu a ƙarƙashin shirin Sahel Vert. A 1975 ɗin ne aka fara jera layukan dogon yaro masu tare iska a kwarin Majiya, cikin jahar Tawa. Bayan haka, a watan Mayu na 1984, aka yi babbar muhawara ta ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da gurgusowar hamada, wadda ta haifar da Alƙawarin Maraɗi, ta kuma ƙarfafa dashe a garuruwa da wuraren taruwar jama'a. Farin 1984 ya zo da kiran noman rani, da babban aikin raya ƙasa na Keita.

A waje ma ana ta magana. Taron Istokholm na 1972, na Belgired na 1975 da na Tibilisi na watan Oktoba 1977 sun ba ilimin muhalli suna da manufa. Sanarwar Tibilisi ta ce a ɗauki muhalli gaba ɗayansa, na halitta da wanda mutum ya gina. Wannan rabi na biyu, wato gari da titi da magudanar ruwa, shi ne bai iso mana ba. A wurinmu muhalli ya zama kalma ɗaya da hamada, maganinsa kuma ya zama kalma ɗaya da dashe. Muhawarar Damagaram ta 1982 kan makomar makaranta ta sake kiran a haɗa karatu da aiki, kuma a ƙarshen shekarun 1980 sabuwar manhajar firamare ta ware sa'o'i ga abin da aka kira APP, ayyukan hannu da na samar da amfani: lambu, kiwo, ɗinki, saƙa da makamantansu.

A nan ne za mu tsaya kan maganar kalanda, domin ita ce aka fi mantawa. Makarantarmu tana buɗewa a watan Oktoba, ta rufe a ƙarshen Yuni. Damina kuwa daga Yuni zuwa Satumba take. Ranar 3 ga Agusta ta dace da dashe ƙwarai, tunda ƙasa ta jiƙa, amma a ranar makaranta a rufe take, malamai sun tafi hutu, yara da yawa suna gona a ƙauyukan iyayensu. Itacen da aka dasa a filin makarantar da ba ta da katanga zai yi wata biyu ba mai tsaro, ga awakin unguwa suna yawo. In ya tsira har yara suka dawo, ruwan sama ya ɗauke, sai ya fuskanci wata takwas na rani. Lambun makaranta ma haka: dole ne ya zama lambun rani, wato lambun ban ruwa.

Ban ruwa kuwa shi ne ya raba makarantar fadama da makarantar unguwa. A ƙauyen da ke bakin gulbi, inda ruwa ke kusa, rijiya ɗaya ta isa. A sabbin unguwannin birni, inda gidaje ke sayen ruwa daga ƴan garuwa, kowane bokiti kuɗi ne. Damagaram, wadda ke zaune a kan dutse, ta daɗe tana dogaro da ruwan da ake turo mata daga Gogo da Macaya, kuma duk bazara mata da yara suna kwana a layin famfo. Daraktan da ke Kara-Kara ko Garin Malam, in an ce masa ya yi lambu, hanya ɗaya ta rage masa: ya ce kowane yaro ya zo da ruwa daga gida. Ta haka gonar 1930 ta dawo da sabon suna. Sa'an nan abin da ke kai yaro kwaleji shi ne shifta da lissafi, saboda haka malamin ajin ƙarshe ya riƙa mayar da sa'o'in APP na bitar jarabawa, kuma iyaye suka gode masa.

Abin lura, a daidai wannan lokaci ƙasa ta fara farfaɗowa ta wata hanyar da ba ta ratsa ta makaranta ba. Daga 1983 da 1984, a karkarar Maraɗi, Tony Rinaudo na mishan ɗin SIM da manoman yankin suka fara abin da aka sani da sassaben zamani: maimakon a dasa sabon itace, sai a bar tohon da ke fitowa daga tsohon kututture, a rage shi, a tsare shi. A Magarya, Matamai da Mirya manoma suka bar gawo ya cika gonaki. Binciken da aka yi a shekarun 2000 ya ƙiyasta filin da ya farfaɗo da wajen hekta miliyan 5. Abin da ya ba wannan aiki ƙarfi shi ne manomi ya fara ganin itacen gonarsa nasa ne, kuma dokar karkara ta 1993 da dokar gandun daji ta 2004 sun zo sun ƙarfafa masa gwiwa. Itacen filin makaranta kuwa ya ci gaba da zama ba mai shi.

5. Shirin PFIE da matsin shekarun 1990

A 1990 ƙungiyar CILSS, da kuɗin Tarayyar Turai, ta ƙaddamar da shirin PFIE a makarantun firamare na ƙasashenta tara, har da Nijar. Shi ne yunƙuri mafi tsari da aka taɓa yi a wannan fanni. Bai ƙirƙiro sabon darasi ba. Ya nemi a saƙa batun muhalli cikin karatu, lissafi, labarin ƙasa da kimiyya, ya horar da malamai da sufetoci, ya buga littattafan yara da jagoran malami, ya kuma ƙarfafa fita bincike da haɗa kai da iyaye. Wannan ci gaba ne na gaske, domin ya maido da tambaya da rubutu cikin fitar. Duk da haka uwar shirin ita ce yaƙi da hamada, saboda haka misalansa suka fi karkata ga zaizayar ƙasa, wutar daji, kiwo da saran itace.

Shirin kuma ya faɗo cikin shekarun da makarantar Nijar ba ta taɓa ganin irinsu ba. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka buɗe wa ɗalibai wuta a gadar Kennedy, suna zanga-zangar ƙin tsarin tsuke bakin aljihu a fannin ilimi. Taron ƙasa na 1991, yajin aiki, albashin da ba ya zuwa, shekarun karatu da aka soke, da karyewar darajar kuɗin sefa a Janairu 1994, duk sun bi juna. A birane aka gwada raba yara kashi biyu, wasu da safe wasu da yamma, domin aji ɗaya ya ɗauki ninki. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka koma ɗaukar malaman kwantiragi, da yawansu ba tare da cikakken horo ba. Malamin da ke riƙe da yara tamanin ko fiye, cikin rabin yini, ba zai yi gangancin fita da su bakin titi shi kaɗai ba. Dokar ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta zo da kyawawan manufofi, amma da kuɗin PFIE suka ƙare a wajen shekara ta 2000, littattafan suka koma cikin kabad, malaman da aka horar kuma aka watsa su wasu wurare ko suka yi ritaya.

6. Muhallin yaron birni

Yayin da manhaja ke kallon daji, birane suna ta kumbura. Yamai ta kai wajen mutum 400,000 a ƙidayar 1988, ta haura miliyan ɗaya a ta 2012. Maraɗi ta tashi daga wajen 45,000 a 1977 zuwa fiye da 110,000 a 1988, sa'an nan wajen 267,000 a 2012. Kowane fari yana turo sabbin baƙi, kuma baƙo maras hali yana zama ne inda ba wanda ke so: bakin kwari, gefen kududdufin da aka haƙa domin tubali, tsohon ramin tsakuwa, ko cikin zoben itatuwan Yamai. Muhallin yaron da aka haifa a nan shi ne juji, leda mai toshe magudana, sauron kududdufi, hayaƙin murhu, da zafin kwanon rufi a watan Afrilu.

Wannan muhalli yana da tarihi, kuma tarihin yana iya zama darasi. Maraɗin da muke gani yau, mai tituna a miƙe a kan tudu, ambaliyar gulbi ta 1945 ce ta haife ta, lokacin da ruwa ya ci tsohon gari aka tayar da mutane zuwa sama. Itacen girkin da ke shigowa Yamai a kan amalanke da manyan motoci yana da dokarsa ta 1992, wadda ta kafa kasuwannin itace na karkara, kuma murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi ya fito ne daga wannan damuwa. Leda tana da dokar 2014 wadda ta hana shigo da marar kauri da sayar da ita, kuma kowane yaro yana iya auna nisan da ke tsakanin doka da titi in ya leƙa lambatun ƙofar makarantarsa.

Shekarun baya-bayan nan sun nuna abin da ke cikin wannan magana. A Satumba 2020 kogin Kwara ya kai wajen mita 7 a Yamai, ya fasa madatsar Lamorde, ya mamaye unguwannin hannun dama. A Afrilu 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara wajen 20 suka rasu. A Nuwamba na wannan shekara irin wannan gobara ta kashe yara fiye da 20 a Maraɗi. A 2024 ruwan sama ya yi ɓarna a ko'ina, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe, kuma aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba, domin waɗanda ruwa ya raba da gidajensu suna zaune cikin azuzuwa. Yaron da ya kwana a ajinsa saboda ambaliya, in aka buɗe littafi aka fara masa bayanin tudun rairayi, yana da haƙƙin ya tambaya ko da shi ake.

Sai mu ƙara da cewa duk tsare-tsaren da muka lissafa domin makarantar boko aka yi su. Almajiran makarantun allo, waɗanda karatunsu a waje yake tun asali, kuma suka fi kowa sanin lungunan gari da jujinsa, ba su shiga lissafi ba.

7. Kammalawa

Ba mu kaɗai muka yi wannan kuskure ba. A Faransa an daɗe ana kwasar yaran unguwannin ma'aikata zuwa tsaunuka da bakin teku, kamar muhalli wani wuri ne da ake zuwa da mota. Amma tun shekarun 1920 Célestin Freinet ya riƙa zagaya ƙauye da ɗalibansa, su dawo aji su rubuta abin da suka gani, kuma a Ingila, a 1973, Colin Ward da Anthony Fyson suka wallafa littafin da ke cewa titin unguwa kansa wurin karatu ne. Wannan hanya ita ce ta fi dacewa da aljihunmu, domin ba ta bukatar mota, ba ta bukatar rijiya.

Daga tarihin da muka bi, darussa huɗu suke fitowa. Na farko, duk fitar da ba ta ƙare da rubutu, ƙidaya ko zane ba, yaro da ubansa za su ɗauke ta aikin tilas, kuma suna da hujjar tarihi. Ajin da ya bi sawun ruwa daga ƙofar makaranta zuwa kwari bayan ruwan farko na Yuni, ya zana taswirar inda yake taruwa, ya yi labarin ƙasa. Ajin da ya auna zafi a inuwar dogon yaro da kuma tsakiyar fili, ko ya ƙirga amalanken itace da ke wucewa cikin sa'a guda, ya yi kimiyya da lissafi. Ajin da ya zauna gaban tsohuwar unguwa ta ba shi labarin yunwar 1984 ya yi tarihi. Na biyu, kada a ɗora wa makarantar da ba ta da ruwa da katanga aikin lambu. A fara da ruwan da katangar. Na uku, itace yana son mai shi, kamar yadda manoman Maraɗi suka nuna. Itatuwa biyar da aka damƙa wa aji biyar, da maƙwabcin da kwamitin kula da makaranta ya amince ya tsare su lokacin hutu, sun fi ɗari da aka dasa gaban kyamara. Na huɗu, sanin da yaro ya zo da shi daga gida da harshensa yake, kuma tunda kundin 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ba sauran dalilin barin sunayen itatuwa da tsuntsaye a bakin ƙofa, ko da Hausa ne, ko da Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci ko Tamajak.

Akwai kuma abin da ya rataya a wuyanmu, mu malaman jami'a da ɗalibanmu. Tun 2010 Maraɗi, Damagaram da Tawa suna da jami'o'insu, kuma kowace tana da makarantun firamare na talakawa a tazarar tafiyar ƙafa. Ɗaliban labarin ƙasa da na aikin gona da muke turawa karkara neman batun kundi suna iya zama hannu na biyu da malamin aji mai yara tamanin ke bukata kafin ya fita da su. Ɗaliban tarihi kuma suna da aiki na gaggawa: malaman da suka koyar a makarantun gwaji, da waɗanda PFIE ya horar, sun manyanta, kuma littattafan shirin darasinsu suna cikin akwatuna a gidajensu. A je a same su, a ɗauki maganarsu, a kwafi takardunsu, domin duk wanda zai zo da sabon shiri gobe ya tarar da abin da aka riga aka gwada tun 1930 a rubuce.